Abin da Waliyyu Hanci Ya Ji

A kasuwar albasa ta Aliero akwai Waliyyu uku, amma idan baƙo ya sauka daga mota ya ce Waliyyu yake nema, ba a tambayarsa wanne. Gindin durumin da ke bayan ma'auna ake kai shi, inda wani dogon dattijo yake zaune a kan ninkakken buhu, ya karkata hula, yana duban mutane kamar kowa ya ɓoye wani abu a aljihu. Shi ne Waliyyu Hanci.

A Danwarai aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa ya sa shi makarantar allo, ya yi izu goma sha biyu ya tsaya. Ya sa shi fadama, nan ma bai yi abin a zo a gani ba. Yana da shekara ashirin da biyu aka gane abin da Allah ya yi shi dominsa. Ya biyo ta bayan rudun kawunsa, wato dandamalin karan da ake jibge albasa a kai a lulluɓe da ciyawa har ta yi daraja, sai ya tsaya ya ce akwai ruɓa a kusurwar gabas, can ƙasa. Kawun ya zage shi tas, ya ce baƙin ciki ne irin na raggo. Bayan kwana tara aka yaye ciyawar, aka tarar kusurwar gabas ta zama kunu. Kawun bai janye zagin ba, amma ya riƙa ba da labarin a duk inda ya zauna, kuma daga nan sunan ya bi Waliyyu.

Aikinsa mai sauƙin faɗa ne. Fatake suna zuwa daga Anacha da Legas da Kwatano su cika tirela, motar ta kwana huɗu a hanya cikin zafi. Albasa ɗaya da ta fara lalacewa a tsakiyar buhu ta isa ta lalata maƙwabtanta kafin a isa. Mai kaya ba ya yarda a zazzage masa buhu ɗari uku, mai saye kuma ba ya yarda da mai kaya. Sai a kira Waliyyu. Ya durƙusa, ya ɗora tafin hannu a cikin buhun, ya danna shi da gwiwa, ya rufe ido ya kafa hanci. Bayan ɗan lokaci ya miƙe ya ce, “Na ji.” Sannan ya ce a loda, ko ya ce a zazzage. Shekara talatin da 'yan kai yana wannan, kuma fataken da suka saba da shi ba sa ɗora buhu a mota sai ya wuce ta gabansa.

Sana'ar ta bar masa hali guda. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana ganin manyan albasa a bakin buhu, lalatattu a tsakiya, da wuya ya yarda da gaisuwa. Idan aka yi masa fara'a, sai ya tsaya tunanin abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta. Wanda ya fi zarga a duniya shi ne Yari, ɗan kawun nan mai rudu, taubashinsa, wanda shi ma dillalin albasa ne kuma ya daɗe yana cewa hancinsa bai fi na Waliyyu ƙanƙanta ba, farin jini ne kawai ba shi da shi.

Shekara huɗu da suka wuce, wata safiya, Waliyyu yana zaune a tsakar gida, matarsa Luba ta ɗora miya ta leƙa maƙwabta karɓo rariya. Hira ta riƙe ta. Tukunya ta ƙone har matan gida biyu suka shigo da gudu suna toshe hanci, suka same shi zaune taku huɗu daga murhu, hankali kwance. Ya nuna musu carbi, ya ce yana tsakiyar wuridi ne shi ya sa bai motsa ba. Da gida ya watse ya shiga ɗaki ya buɗe kwalbar kananzir. Babu komai. Ya gwada daddawa, ya gwada turaren Juma'a, ya gwada takalminsa. Duk iska ɗaya.

Bai gaya wa kowa ba. Ya zargi feshin maganin ƙwari, ya zargi wata mura da ya yi da damina, ya zargi wani goro da Yari ya ba shi ranar suna. Ya je wajen wani malami a Birnin Malam ya karɓo rubutu da sunan wani abokinsa, ya shanye a madadin abokin, hanci bai dawo ba.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne aikin bai tsaya ba. Ashe da daɗewa gwiwarsa da tafin hannunsa da kunnensa suna yin rabin aikin, hanci yana karɓar yabo. Buhu mai lafiya idan an danna shi yana ƙaras-ƙaras. Wanda ya fara ruɓa shiru yake yi, cikinsa da ɗumi, kuma ƙuda ba ya yi masa nisa. Ya ci gaba da rufe ido yana kafa hanci saboda abin da ake zuwa gani ke nan, ya miƙe ya ce ya ji. Waliyyu mutum ne mai tsoron ƙarya, kuma ya bincika maganar da kyau ya ga babu ƙarya a ciki. Da kunne ake ji, da fata ake ji, da hanci ake ji. Ba wanda ya taɓa tambayarsa da wanne. Abin da ya sani shi ne, ranar da kasuwa ta san da wanne, ranar zai tashi daga gindin durumi, Yari ya shimfiɗa buhunsa a wurin.

Yari ne ya kawo masa wata likita, kuma abin da ya fara ɓata lamarin ke nan.

Sunanta Dakta Iklima, 'yar Malam Jibrilla na Jega Magaji. Ta yi karatu a Sakkwato, ta wuce ƙasar waje ta shekara goma sha takwas tana binciken ƙwaƙwalwa, musamman ciwon nan da ke sa hannun tsofaffi makyarkyata, tafiyarsu ta koma gajerun taku. Yari, wanda ya san ta minti ashirin kafin nan, ya gabatar da ita kamar shi ya yaye ta. Ya ce masanan duniya sun ambaci sunanta sau dubu uku da wani abu a rubuce-rubucensu. Waliyyu ya dube ta da ɗan tausayi. A saninsa, wanda aka ambaci sunansa sau uku a bayan idonsa ya kamata ya fara neman tsari.

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta kira shi Baba. Hausarta ta Jega ce, sai dai takan tsaya a tsakiyar magana kamar mai laluben canji a jaka. Ta ce aikin da ya kawo ta gida na haɗin gwiwa ne, ita da masana na ƙasashe huɗu. Waliyyu ya ce in haɗin gwiwa ne ta yi ɓatan kai, gidan masu ɗori yana cikin gari. Ta yi dariya. Shi bai yi ba, don yana so ya ga ko dariyar za ta kai idonta. Ta kai, wannan ma ya ajiye shi a ransa.

Ta bayyana masa cewa a wannan ciwo, sau da yawa hanci ne ke fara mutuwa, shekaru kafin hannu ya fara rawa. Shi ya sa suke gwada hancin dattawa da wasu kwalaben ƙamshi da abokan aikinta suka aiko, don a gane wa ya kamata a sa wa ido da wuri.

Waliyyu ya gyara zama. Mutum dubu nawa ne a Aliero, amma a rasa wanda za a zo a gaya wa cewa hanci yana mutuwa sai shi? Ya saci kallon Yari. Yari yana ɓare gyaɗa, fuskarsa fes, irin fes ɗin da Waliyyu bai taɓa yarda da shi ba.

Matsalarta, in ji ta, ita ce an gwada mutum ɗari biyu da goma sha huɗu a Maiyama, kuma dukkansu sun ci. Har waɗanda hannunsu ke rawa a fili, mutum goma sha tara, sun ci. Ba a taɓa ganin haka a ko'ina ba. Abokan aikinta sun yi murna, suna so a buga wa duniya cewa an sami wani yanki da hancin mutanensa ba ya mutuwa, wani farfesa a cikinsu har ya fara zargin albasa ce ke kare su. Ita kuwa ba ta yarda ba. Tana zaton kwalaben sun yi ƙarfi da yawa. Tana neman hancin da ya fi kowane a ƙasar nan ya je ya sunsuna ya gaya mata.

“Ga ya nan gabanki,” in ji Yari. “Ku ɗauke shi ku tahi, ko ma huta kwana guda.”

Ƙi ba zai yiwu ba. Waliyyu Hanci ya ƙi sunsuna kwalba a gaban Yari, kafin la'asar maganar ta kai Jega. Ya ce zai je.

Ranar Talata da hantsi motarta ta kai shi Maiyama, wani ɗaki a bayan wani ƙaramin asibiti. Dattawa suna jere a benci. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Fadila tana zaune da akwatin kwalabe da takarda. Likita ta miƙo masa kwalba ta farko, ya ɗaga hannu ya ce shi ba ya sunsunar kaya sai ya ga yadda mai shi yake sayarwa. Ta ce wannan daidai ne, ta ba shi kujera a gefe.

Fadila ta kira wani tsoho, Malam Khalilu, wanda hannunsa na dama ke kaɗawa a kan cinyarsa kamar yana ƙirga abin da ba ya ƙarewa. Ta buɗe kwalba, ta kai masa hanci, ta karanta tambayar da ke takarda.

“Baba, ka ji?”

Tsohon ya dubi fuskarta tukuna. Sannan ya ce, “Na ji, ɗiyata.”

Ta yi alama a takarda, ta buɗe ta biyu. Ya sake duban fuskarta, ya ce ya ji. Haka har goma sha biyu. Ta ce masa hancinsa lafiya lau, ya yi mata addu'a ya fita da gajerun takunsa.

Waliyyu ya san wannan kallon. Wanda ya ji wari da gaske, hancinsa ne ke fara amsawa, ya ɗan motsa, ko kai ya ja baya. Wanda bai ji ba, fuskar mai tambaya yake fara karantawa. Shekara uku yana yin haka ga fataken Anacha. Ban da wannan, wane dattijo ne yarinya mai farin kaya za ta yi wa magana cikin ladabi ta ce ka ji, ya ce mata bai ji ba? Ko alƙali ya yanke wa mutum hukuncin da bai gane ba, na ji yake cewa.

Ya zauna yana lissafi. Idan ya yi magana, za a tambaye shi yadda aka yi ya gane. Idan ya yi shiru, wataƙila shirun ake jira, wataƙila dukan zaman nan an shirya shi ne don a ga ko zai gane ɗan'uwansa a rashin hanci. Mutum na huɗu ya wuce, na biyar ya wuce, kowa ya ji. Ba tausayi ne ya buɗe bakinsa ba, ko da yake daga baya likita ta ɗauka haka. Shekara talatin bai taɓa zama yana kallo a loda ruɓaɓɓen buhu ba, jikinsa bai iya ba.

Ya nuna wasu kwalabe uku da aka ware a kan taga, ya tambayi na mene ne. Fadila ta ce waɗannan wofi suka iso, da alama sun tsiyaye a hanya, shi ya sa aka ajiye su gefe. Likita ta juyo ta dubi tagar, ta daɗe tana dubanta. Waliyyu ya ce a ba na gaba ɗaya daga ciki.

Aka kira na gaba, wani mai sayar da igiya. Fadila ta kai masa kwalbar da babu komai a ciki, ta ce ka ji. Ya dubi fuskarta, ya ce ya ji, har da gyaɗa kai.

Dakta Iklima ta zauna a bakin benci ta dafe goshi. Ta ce kwalaben wofin da gangan aka sa su a akwatin, don a gane mai cewa ya ji alhali bai ji ba. Ta ce tambayar kuwa kwamiti ne ya fassara ta, aka mayar da ita Turanci aka ga ta yi daidai, ita ma ta karanta ta sa hannu. A waya ake aiko mata da sakamako, ba ta taɓa zama ta saurara ba sai yau. Wata bakwai na aiki, da murnar ƙasashe huɗu, da albasar farfesa, duk sun tafi a kan kalma ɗaya da ta sani tun tana goye.

“Baba,” ta ce, “yaya anka yi ka gane?”

“Sana'a ta,” in ji shi. Ya ƙara da cewa wanda bai ji ba, fuskar mai tambaya yake fara dubawa.

Ta ce ai shi ke nan, shi zai taimake ta su gyara. Ba za a ƙara tambayar mutum ko ya ji ba, za a tambaye shi mene ne wannan. Kuma tunda ƙamshin kwalaben Turawa na itatuwan da ba a taɓa gani a Kabi ba ne, sai a haɗa na gida, abin da kowace tsohuwa ta sani. Wa zai zaɓo su ya auna ƙarfinsu in ba shi ba?

Waliyyu ya koma gida da kwalabe goma sha biyu a leda. Ya ce wa Luba wannan aikin madafa ne, bai dace da namiji ba, ta zuba abin da ta ga dama shi zai duba a ƙarshe. Luba ta karɓa ba ta ce komai ba, abin da ya dame shi kwana biyu. Ta zuba daddawa da citta da kanumfari, man shanu, busasshen kifi, tafarnuwa, kananzir, ɓawon lemun tsami, turaren wuta, sabulun salo da albasa. Ta rage wannan, ta ƙara wancan, ta ce kifin ya yi yawa zai danne sauran. Ta bar ɗaya wofi. Shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido a rufe, ya ce sun yi.

Likita ta yaba ƙwarai. Ta naɗe kowace kwalba da baƙar leda, ta toshe bakinta da auduga yadda ido ba zai ga ciki ba. Sannan ta ce kowane ma'auni sai an fara gwada shi a kan abin da aka tabbatar da shi, don haka da shi za a buɗe.

Ya ce yana mura. Ta ce Allah ya sawwaƙe, za ta jira. Bayan mako biyu ya ce kasuwa ta cika. Ta jira. Ya ce an yi rasuwa a Danwarai, kuma da gaske an yi, sai dai marigayin ba su gaisawa. Ta aiko da ta'aziyya. Wannan haƙuri nata ya fi komai tayar masa da hankali, don bai taɓa ganin mai jira haka ba sai wanda ya riga ya san abin da ke cikin buhu. A mako na shida Yari ya fara tambaya a bainar jama'a ko likita ta fasa ne, ko kuwa ta gano hancin na haya ne.

Ya je. A zauren gidan mahaifinta a Jega, da safe, su biyu kaɗai, don ta ce gwajin mutum sirrinsa ne. Ya so ya riƙe kwalbar da kansa ya ɗan girgiza ta kusa da kunne, ta ce ita za ta riƙe. Ta kai masa ta farko ta tambaye shi mene ne.

Ya dubi fuskarta. Sai ya tuna wanda ya koya mata ma'anar wannan kallon.

Ya ce daddawa. Ta rubuta. Ya ce citta, ya ce kanumfari, yana bin jerin da Luba ta zuba, alhali ya san an hargitsa shi. A ta bakwai idonsa ya kawo ruwa, ya ce albasa da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. A ta tara ya gaji. Ya ce babu komai a ciki. A ta goma ma ya ce babu komai, haka har ƙarshe.

Biyu ya ci. Albasa, wadda ido ya gaya masa, da ta tara, wadda da gaske wofi ce.

Ta ajiye biro ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce shekara uku, ya kuma tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce babu kowa. Ya ce Yari. Ta ce Yari bai gaya mata komai ba sai cewa taubashinsa ya fi kowa hanci a ƙasar Kabi, in ban da shi Yarin. Ya ce to Luba. Ta ce ba ta taɓa ganin Luba ba.

Ta yi masa bayani a hankali, cewa mutuwar hanci ba ita ce ciwon ba. Mura tana kashe shi, tsufa yana kashe shi, da yawa suna rasa shi su rayu shekara talatin hannunsu bai motsa ba. Ta sa shi ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ta lanƙwasa masa hannu, ta ce yanzu ba ta ga komai ba, amma tana so ta riƙa ganinsa duk wata shida. Shi ba wannan ne ya dame shi ba. Ya tambaye ta ina takardar za ta. Ta ce ba sunansa a kai, lamba ce, kuma ko abokan aikinta lambar kaɗai za su gani.

“Wa ka riƙe da littahin da lamba ka komawa suna?”

“Ni ɗaya, Baba.”

“In kin mutu hwa?”

Ta ce za ta yi ƙoƙari kada ta mutu kafin ya yi ritaya.

Ya koma gindin durumi yana jiran ranar. Wata ɗaya ya wuce, ba wanda ya ce komai. Wannan ya tabbatar masa cewa maganar ta bazu, don a kasuwa abin da kowa ya sani ne ba a faɗa. Idan ɗan dako ya gaishe shi da ladabi, ya ce tausayi ne. Idan bai gaishe shi ba, ya ce raini ya fara. Wani farke ya ba shi kyautar turare, ya kwana uku yana juya kwalbar yana neman ma'anarta. Luba ta daina tambayarsa ko miya ta yi, ya lura. Da ya yi tunani kuma sai ya kasa tuna ko ta taɓa tambayarsa. Sau biyu ya je Jega likita ta duba tafiyarsa, ya bi ta hanyar Birnin Malam don kada a haɗa shi da gidan.

A wannan tsakanin aikin likita ya ci gaba. Da sabuwar tambaya da kwalaben Luba aka sake gwada mutanen Maiyama, aka ga hancinsu yana mutuwa kamar na kowa a duniya. Malam Khalilu da wasu irinsa suka shiga layin masu ganin likita a kai a kai. Farfesan albasa ya janye. Masu bincike a Nijar da Gana suka aiko suna neman jerin ƙamshin da yadda ake tambayar. Bayan wata goma sha huɗu aka buga rahoton, kuma a ƙarshensa, inda ake godiya, aka rubuta sunan Malam Waliyyu na Danwarai, wanda ya gano kuskuren. Ta nemi izininsa kafin ta sa, ya ce ta sa, don ya ɗauka ba mai karanta ƙarshen takarda. 'Yar Yari, Zinatu, da ke karatu a jami'a, ta gani a wayarta ta nuna wa babanta.

Ranar kasuwa ce, ana tsakiyar lodi. Waliyyu yana durƙushe a gaban buhu, fatake huɗu suna tsaye a kansa, sai ga Yari ya ratso da wayar Zinatu a hannu, mutane a bayansa, bakinsa har kunne.

“Hanci! Ashe haka kake, munahuki? Shekara guda kana ɓoye muna? To mun ji. Likita ta rubuta, duniya dut ta gani.”

Waliyyu ya miƙe a hankali. Wata goma sha huɗu yana shirya wannan jawabi, ya fito masa a jere.

“To, kun ji. Sai mi? Shekara huɗu ke nan ban jin warin kome, ko mushen jaki anka aza min ga hanci. Cikin shekara huɗun ga, buhu nawa nic ce a loda ya ruɓe? Ka hwaɗi, Yari. Kai da hancinka ka aiki, nawa naka sunka ruɓe?”

Yari ya tsaya da waya a hannu, bakinsa a buɗe. Ya dubi wayar, ya dubi taubashinsa. Da ƙyar ya ce shi sunan ya zo nunawa, sunan da aka buga a takardar Turawa, har ya sa an dafa shayi.

Masu ɗinkin buhu sun tsayar da allura. Wani a baya ya tambayi na kusa da shi me aka ce, aka maimaita masa, ya maimaita wa na bayansa. Waliyyu ya tsaya yana kallon maganar tana tafiya layi layi har bakin titi, ba tare da taimakon likita ko Luba ko Yari ba.

Kafin sati ya zagayo fatake sun rabu biyu. Mafi yawansu suka koma wajen Yari, don sun ce hanci suke biya, ba gwiwa ba. Yari bai shimfiɗa buhu a gindin durumi ba, ya ce inuwar ba ta yi masa, ya zauna can wajen ma'auna yana sunsuna kaya da fuskar wanda aka ba abin da ya roƙa a lokacin da bai shirya ba. Sunan Hanci bai canza ba, kasuwa ba ta da lokacin sake wa dattijo suna.

Mutum biyar suka tsaya da Waliyyu. Babbansu wani farke ne daga Anacha mai tirela biyu, wanda ya ce shi bai damu ba ko da ƙafa ake ji, shekara huɗu kayansa suna isa lafiya. Yanzu Waliyyu ba ya rufe ido, ba ya kafa hanci. Yakan kwantar da kunne a jikin buhu a gaban kowa, ya danna, ya saurara, aikin ma ya fi sauri. Farken ya ƙara masa da kayan ƙaninsa, ya kuma ce zai kawo wasu daga Aba bayan salla.

Waliyyu ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin mota. Da ya dawo ya zauna, ya ce wa mai shayi ya sa ido a kan mutumin nan, don bai ga dalilin da zai sa baƙo ya yarda da shi haka ba.